Makaɗan akodiyon a Kudancin Teksas: gado irin na gida, ciniki irin na Amurka

'Yan'uwa na gida, mai son ya ga inda kiɗa yake gado a Amurka sai ya zo San Antoniyo. Kiɗan da 'yan asalin Meziko ke rawa da shi a nan sunansa konhunto, kuma sau da yawa 'yan gida ɗaya ne ke yin sa: uba da 'ya'yansa, ko wa da ƙanne. Gidan Jiménez ya isa misali. Santiago babba ya yi suna, sannan 'ya'yansa Flaco da Santiago ƙarami suka gaje shi, kamar yadda ɗan makaɗi ke tasowa da kalangu a hammata.

Mutum huɗu sun isa yin kiɗan: mai akodiyon (abin kiɗa ne mai maɓallai da zugazugi a tsakiya, ana ja ana turawa da hannu biyu), mai baho sesto (wata babbar jita ce mai tsirkiya 12, bibbiyu), mai jitar bes, da mai ganguna. Jamusawa da mutanen Cek ne suka kawo akodiyon yankin a ƙarni na 19, tare da rawar folka. A 1936 Narciso Martínez da Santiago Almeida suka fara ɗaukar faifai, Martínez ya riƙa kaɗa waƙar da hannun dama, ya bar wa baho sesto sauti mai kauri. Har yau wasu makaɗan cire ƙarafan da ke ba da sauti a ɓangaren hagu na akodiyon suke yi don kayan ya rage nauyi.

Wurin saye da gyara ne bambancin ya fi fitowa. Kalangu in ya fashe, fata da tsirkiya suna nan a gari. Akodiyon kuwa daga masana'anta yake zuwa. Wanda aka fi sani shi ne Hohner Corona II: maɓallai 31 a jere uku a dama, 12 a hagu, kowane maɓalli da sauti biyu, ɗaya in an ja, ɗaya in an tura. Kowane akodiyon da muryoyi ukun da aka ƙera shi a kai, shi ya sa ake ganin makaɗi ɗaya da guda biyu ko uku. Na koyo, irin Hohner Panther, ɗaruruwan daloli ne. Gabbanelli ƙirar Italiya kuwa sai an ajiye dubbai.

Cikin akodiyon kamar zugazugin maƙera ne. Iska ke kaɗa wasu siraran harsunan ƙarfe da aka liƙe jikin katako da kakin zuma haɗe da ƙaro. To, zafin Teksas ya kusa kamo na Sakkwato. A manta da shi a mota da rana, kakin ya narke, ƙarafan su zame, sauti ya lalace. 'Yan fatun da ke rufe ƙofofin iska su ma lanƙwashewa suke in sun tsufa, sai a ji yana huci. In na hannu za a saya, gwajinsa ba wuya: a ja zugazugin ba tare da taɓa maɓalli ba. In ya buɗe da sauƙi, yana yoyon iska, kada a saya. Masu gyara ba su da yawa, don haka jira ya zama dole.

Ɗaukar makaɗa kuma da takarda ake yi. Ana rubuta rana, da awa nawa, da hutun da za su yi, da wanda zai kawo lasifika, a ba da kafin alƙalami, ragowar ranar biki. In lokaci ya cika an tashi ke nan, sai in an biya kuɗin ƙarin awa. Maroƙi babu, kirari babu. Liƙi dai akwai mai kama da shi a bikin aure, inda ake maƙala wa amarya da ango dala don a yi rawa da su, amma kuɗin na ma'auratan ne, ba na makaɗa ba. Kasuwarsu ta fi ci a bikin aure da bikin cikar yarinya shekara 15, sai kuma babban taron konhunto da ake yi a San Antoniyo tun 1982, galibi a watan Mayu.