'Ya'yan YY ko haɗin niloticus da aureus: wanne za a zuba?

Malam, ka tambayi wane irin karfasa za ka zuba a tafki don samun maza zalla. Ka ɗauki 'ya'yan YY, wato 'ya'yan uban iri mai Y biyu. Haɗin nan na nau'in karfasa biyu, niloticus da aureus, da aka yi maka talla, ka bar shi, sai idan kana da tabbacin tsarkin iyayen, wanda kuwa ba kasafai ake samu ba.

Maganar duk a kuromosom take, wato zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta. Karfasar Nilu, wato niloticus, kuromosom 44 take da su, kamar yawancin danginta na siklid a Afirka, har da na tafkunan Malawi da Biktoriya.  Shuɗiyar karfasa, aureus, ita ma 44. Adadi ɗaya, amma rabon jinsi ya sha bamban. Ta Nilu tsarin XY take bi (namiji XY, mace XX), uba ke yanke jinsin ɗa. Aureus ZW take bi (namiji ZZ, mace ZW), uwa ke yankewa, kuma alamar tana kan wani kuromosom ƙato da ya fi sauran tsawo nesa ba kusa ba. Shi ya sa macen niloticus mai XX, idan aka ba ta namijin aureus mai ZZ, 'ya'yan suke fitowa kusan duka maza. Tun 1960 aka lura da irin haka a Malaka ta Maleshiya, da wasu nau'in karfasa biyu, daga baya Isra'ila ta yi amfani da haɗin niloticus da aureus sosai.

A takarda abin ya yi kyau. A tafki kuwa sai iyayen biyu sun kasance tsantsa, alhali karfasa ba ta san iyaka ba wajen barbara. Da jinin wani nau'i ya ɗan shiga, lissafin ya rushe. Na taɓa sayen haɗin, ban ga abin yabo ba in ban da jure sanyi, wannan kam gadon aureus ne.

YY daban ne. Uban iri ne mai Y biyu, fasahar da Jami'ar Swansea ta Birtaniya ta bunƙasa tare da masu bincike a Filifin. Duk ƙwan da ya haɗu da shi Y zai samu, don haka namiji zai fito, ba tare da an ciyar da 'ya'yan maganin juya jinsi ba. Da na kwashe nawa, abin da ya fi faranta min rai shi ne ƙasan koma: babu wannan tarin ƙananan 'ya'ya masu cinye abinci su hana manya girma. Kifin kusan kansu ɗaya, baya mai kauri, hannu ya cika. Mace ɗaya-ɗaya ce na tsinta, maƙogwaro a kumbure, na buɗe bakin sai ga ƙwai rawaya dam, jikinta a rame saboda ba ta cin abinci muddin tana riƙe da su. Wannan ramar ce ake gudu.

Kar dai wani ya ce maka ɗari bisa ɗari. Ko a cikin niloticus ɗin, wasu zuriyoyin alamar jinsinsu na kan wani kuromosom, wasu kan wani daban. Uban YY na wata zuriya bisa matan wata zuriyar yana iya ba ka mata fiye da yadda ka zata. Zafin ruwa ma na taɓa jinsi. Wajen digiri 36 a farkon rayuwa yana mayar da mai XX namiji.

Sai batun 'yan damfara, ko da ba ka tambaya ba. Ɗan kifi ƙarami ba a gane jinsinsa da ido, X da Y na Nilu ma ba sa bambanta a madubin bincike, don haka kowa na iya kwaso gama-gari ya kira shi YY. Ka nemi takardar inda suka samo uban iri, wanda ya fara kame-kame ka wuce. Ka fara da kaɗan. Idan sun kai giram 30, ka kifar da su ka duba ƙasan ciki: namiji kafa biyu, mace uku. Ɗan ɗigon launi a wurin yana sa tsagar mace ta fito fili, daga nan ka ƙirga kafin ka koma sayen mai yawa.