Yaya, a nan laburare ne ke bin mutum har cikin wayarsa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kin tashi lafiya, da Inna da maigidan da yara. Ya hazon Bauchi? Mu nan sanyi ya sa mu gaba, kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya rufa, Azahar da La'asar da Magariba na bin juna kamar ana koro su.

Kuka da daddawa da yajin da kika aiko sun iso, Allah ya saka da alheri. Kilishi kam kada ki sake ki saka, dokar Ingila ta hana matafiyi shigowa da nama daga wajenmu, a filin jirgi za a ƙwace. Madara da burodi da dankalin Turawa ba su da tsada a nan, amma doya sai a ɗora ta a sikeli kamar zinariya, ki tuna yadda muke ɗibarta a Muda Lawal ki yi shiru. Masa kuwa sai wadda na soya da hannuna, ba ta ko kama ƙafar ta Wunti. Haya da kuɗin gas su ke cinye albashi.

Kin ce an nemi ku kawo shawara a wurin aikinku kan buɗe wa laburare shafin Facebook, kina son jin yadda suke yi a nan Ingila. To ga abin da idona ya gani a ƙaramin laburaren garinmu, nan kusa da Bamingam.

Ranar da na je yin rajista, takarda ɗaya na nuna mai ɗauke da adireshina, aka ba ni kati, aka ba 'yata nata, ko kwabo ban biya ba. Akwai wata doka tun 1964 da ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da laburare, aron littafi kuma kyauta ne. Na'ura ce ke ba da aro: ki ɗora littattafan, ta karanta su, ta fito da ɗan rasit mai ranar mayarwa, mako uku. Kafin ranar ta cika imel zai shigo yana tuna miki, daga kan gado sai ki ƙara wa'adi. Da lambar katin nan kuma ake shiga wata manhaja, BorrowBox, wasu garuruwan Libby suke da ita, ki ari littafi a waya, na karantawa ko na saurare. Abin da ya ba ni dariya, a can ma layi ake bi. Laburare lasisi yake saya, kwafi ɗaya mutum ɗaya, in wani ya riga ki sai ki jira. Ranar da wa'adi ya cika littafin da kansa yake ɓacewa daga wayar. Na tuna yadda kike aika ni gidajen mutane karɓo littafi, a ce mini mai shi ya tafi Azare.

Amma duk wannan kayan kuɗi ne, ba shi ya tsaya mini a rai ba. Wata rana na taso daga aikin dare, wajen ƙarfe biyar na asuba, na tura saƙo a shafinsu na Facebook ina tambaya ko suna taimaka wa yara da aikin gida, don lissafi na ba yarinyar nan wahala. Ban sa rai ba. Kafin in farka da hantsi an amsa, an faɗa mini rana da lokaci, har an ce an ajiye mata littattafai biyu a kan tebur da sunanta. Da na je na yi ta godiya, dattijuwar da ta amsa sai kallona take tana mamakin yawan godiyar. A hira take gaya mini karɓa-karɓa suke yi, kowace rana akwai wanda duba saƙonni ke wuyansa, an rubuta a jadawalin aiki kamar yadda ake rubuta mai zama a ƙofa. Sun gwada Twitter, sun gwada TikTok, suka ga iyayen unguwa a Facebook suke, sai suka tattara ƙarfinsu a can. Abin da suke sakawa ma ba wani abin a zo a gani ba ne: hoton sababbin littattafai, ranar waƙe-waƙen jarirai, sanarwar yau a rufe muke. Ba hoton shugaba yana yanka ƙyalle.

Rabin aikinsu yanzu zama ne kusa da mutum a gaban kwamfuta. Komai na gwamnati ya koma intanet, har katin izinin zamanmu an mayar da shi na intanet bayan ƙarshen 2024. Za ki ga tsoho ya zo da wayarsa a hannu, ma'aikaciya na nuna masa inda zai danna. Aikin da yaranmu ke biyan kuɗi a kafe a yi musu lokacin JAMB, a nan laburare ke yinsa, kuɗin firintin kawai za ki bayar.

Kada ki ɗauka aljanna ce. Babban laburaren Bamingam, wanda Malala ta buɗe a 2013, shekara biyu kacal aka rage masa lokacin aiki daga awa 73 zuwa 40 a mako saboda rashin kuɗi, a 2023 kuma hukumar birnin ta fito ta ce asusunta ya gaza. A watan Oktoba na 2023 ɗin ne 'yan kutse suka shiga kwamfutocin babban laburaren ƙasa da ke Landan, suka nemi kuɗin fansa, aka ƙi biya, aka kwashe watanni masu bincike na shan wahala. Saboda haka babban rajistan nan naku mai baƙin bango, ko an kawo muku kwamfuta, a bar shi inda yake.

In shawarata za ki kai, Facebook ɗin a buɗe, amma mutanenmu a WhatsApp suke. Ke kin san matan layinmu, kowace da labarin da take bi shafi-shafi a guruf, har taransifa suke yi wa marubuciyar. Masu karatu ba su ƙare ba, ƙofarku ce ba sa bi. Ki ɗauki hoton bangon littafi, ki yi saƙon murya na minti ɗaya da Hausarmu ta Bauchi da Kanawa ke yi wa dariya, ki ce ga abin da ke ciki, yana kanta ta kaza. Wanda bai iya karatun boko ba ma zai ji ya turo ɗansa. Sai dai ku yi tasha, wato Channel na WhatsApp, kada ku yi guruf, don a tasha ba a ganin lambar kowa. A guruf kwana biyu samari za su fara damun 'yan matan mutane, a ce laifin laburare ne. Kuma kada ku raba littafin wani a PDF, haƙƙin mai shi ne. In ba a ware mutum ɗaya da kuɗin data ba, gara a fasa, da a buɗe shafi mutum ya yi sallama wata uku ba a amsa ba.

Abu ɗaya ya sosa mini rai. A kantocinsu akwai Urdu, akwai Fanjabi, akwai harshen ƙasar Folan ta Turai, na Hausa ko ɗaya babu. Na yi magana, dattijuwar ta ba ni fom na cike, ta ce in na kawo sunayen littattafai da inda ake samunsu za ta miƙa. Don Allah in kin shiga Wunti ki duba mini na yara guda biyar ko shida, masu hotuna, ki turo hoton bangonsu gaba da baya. Yarinyar nan ta fara amsa mini da Turanci in na yi mata Hausa, ranar nan har Inna ta lura a waya.

Ki gaishe da Inna, ki ce maganin gwiwar na nan tafe da mai zuwa ƙarshen wata.

Ƙanwarki.