Shagon likitan dabbobin da ya ba ni riƙon 'yan kyanwa uku

Maganin kaji ne ya kai ni shagon, a tsakiyar hunturun bara. Ɗan madaidaicin shago ne a wajen Ƙofar Ƙaura, buhunan abincin kaji jibge har bakin ƙofa, kwalaben maganin shanu da awaki jere a kanta. Ina jiran canji sai na ji wani siririn kuka daga ƙarƙashin tebur. Kwalin taliya ne an shimfiɗa tsohon zane, 'yan kyanwa uku sun dunƙule wuri guda, ko tsayuwa ba su iya ba. Likitan ya ce wani mai gawayi ne ya kawo masa su, mota ta take uwarsu. Da yake tsakanin kwana 7 zuwa 10 suke buɗe ido, su kuma ba su daɗe da buɗewa ba, ya ƙiyasta ba su wuce kwana 12 a duniya ba.

"Hajiya, ko za ki riƙe su na wata biyu? Ke dai ki raya su, neman gidan da za su zauna ki bar min."

Tsarinsa ke nan, kuma a kansa nake son yin magana. Ba sayar da mage yake ba. In an tsinto marayu a kango ko bayan shago sai a kawo masa, ya duba lafiyarsu, ya ba wanda ya yarda da shi riƙo har su yi ƙwari, sannan ya sa hotonsu a WhatsApp ya nemo masu so. Dubawa da shawara kyauta ne. Madara da magani kuwa daga aljihun mai riƙo.

Kafin in ɗauki kwalin sai da ya zaunar da ni a benci ya yi min karatu. Na farko ɗumi. Jaririn kyanwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai ya kai kamar sati 3 zuwa 4, kuma in jikinsa ya yi sanyi ba a ba shi madara sai an ɗumama shi, don cikinsa ba zai narka ta ba. A sanyin Katsina na watan Janairu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gorar roba nake cikawa da ruwan ɗumi in naɗe da tawul in sa a gefe ɗaya na kwalin, ɗaya gefen in bar musu fili ko zafin ya dame su. Ya hana ni nonon shanu da madarar shayi, ya ce zawo suke sa su, zawo kuwa a kwana ɗaya yake ƙarar da ruwan jikin irin waɗannan. Madararsu daban ce, ta gari, a gwangwani. Ya nuna min yadda ake kifa ɗan kyanwa a kan cikinsa a ba shi, kada a kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, madarar ta bi ta huhu. Bayan kowane sha sai a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa masa ƙarƙashin wutsiya, domin ba ya iya fitsari da kashi da kansa. Lasar uwa ce ke sa shi yi. Duk awa 3 nake tashi, har cikin dare.

Wannan duk wahala ce ta jiki, kuma tana wucewa. Abin da ya sa nake ganin shawarar likitan ta fi madararsa daraja shi ne maganar sabo. Ya ce min daga sati 2 zuwa sati 7 ne mage ke yanke wa kanta ko mutum abin yarda ne ko abin gudu. Wadda ba a taɓa ba a wannan tsakanin, ko da nama ake ciyar da ita, da wuya ta zama ta cinya. Ita ce za ka gani tana laɓe a bayan randa, ta sha ruwa ta tsere. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen icen mage kwana 35 ne kacal.

Biyu daga ciki ba su ba ni wuya ba. Na ukun, baƙi wuluk, yara suka sa masa Duna, shi ne mai taurin kai. Yana sati 4, in na miƙa hannu sai ya manne a kusurwar kwali, ya kwantar da kunnuwa, ya buɗe ɗan bakin nan ya yi huci. Na kira likitan, ya ce kada in kamo shi da ƙarfi. Na riƙa zama a tabarma bayan la'asar da ɗinkin hannuna, in shafa dakakken naman kaza a kan yatsa in ajiye hannun a ƙasa, ban ko kalle shi ba. Ranar farko bai zo ba. Ta biyu ya lasa ya ja da baya. A rana ta biyar ina sa maɓalli a wata riga na ji abu yana hawa zanena, ya zagaya sau biyu ya kwanta, ya fara wannan ƙugin da suke yi a maƙogwaro. Ban motsa ba har aka kira magariba.

Likitan ya nace kada su saba da ni kaɗai. Don haka yarana na dawowa daga Islamiyya sai su wanke hannu su zauna a ƙasa, kowa ya ɗauki ɗaya, ya taɓa masa kunne da tafin ƙafa da baki a hankali, yadda gobe in za a duba shi ko a ba shi magani ba zai yi yaƙushi ba. Maigida ma da ya ce ba ruwansa, sai ga shi yana shafa su bayan asuba. Na matso da kwalin kusa da keken ɗinki, suka saba da ƙararsa, da ta turmi, da ta janareton maƙwabta. Wasa da yatsa kuwa likitan ya hana, ya ce wanda ya koyi cizon yatsa yana ƙarami zai ciji hannu yana babba. Ƙyallen atamfa muke ɗaurewa a zare su yi ta bi. Kuma ya ce kada a raba su da wuri, a kokawar junansu suke koyon iyakar cizo. Bayan gida bai ba ni aiki ba, tsohon faranti na cika da yashi, suka gane da kansu.

Inna, mahaifiyar maigida, da farko ta ce a fitar mata da Duna daga gida saboda baƙi ne. Na tuna mata hadisin da ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu, ban ji an ware launi ba. Ta yi shiru, amma ta daina korar sa.

Shagon yana da nasa laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Kuɗin gwangwani ɗaya na madarar ya kai abin da nake samu a ɗinkin kala biyu, kuma sau ɗaya ta ƙare muka yi kwana huɗu ana jiran kaya daga Kano, ina tattalin ɗan ragowar da ke hannuna. Likitan ya ce in riƙa auna su kullum, lafiyayye kan ƙara wajen giram 10 a rana, amma ba shi da ƙaramin sikeli. Na maƙwabciyata mai yin kek na ara. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne ranar da na ga ƙuma a jikinsu. Likitan ya tafi gonar kaji, yaron shagon ya miƙo min maganin ƙumar karnuka. Allah ya sa na kira kafin in zuba. Maganin na da sinadarin permethrin, wanda ke kashe mage. Likitan ya ba ni haƙuri, ya ce in bi su da mataji mai ƙananan haƙora, ya ƙara da gargaɗin kada a taɓa ba mage farasitamol. Duk wanda zai je don mage, ya jira likitan da kansa.

An ba su maganin tsutsar ciki tun suna ƙanana, a sati 8 aka yi musu allurar rigakafi ta farko, likitan ya rubuta ranar ta biyu da ta cutar haukan kare, wadda ake yi a sati 12. Na ga yadda yake tantance masu karɓa. Wani ya zo yana son ɗaya ya kulle a sito saboda ɓera, likitan ya tambaye shi abinci da ruwa fa, ya ce ai ɓeran ya ishe ta. Ya hana shi. Biyun farko wata malamar makaranta a Rafindaɗi ta ɗauke su tare, ta turo min hotonsu suna barci a kan sallayarta.

Duna kuwa da aka zo maganar gidan da za shi, Inna ce ta amsa tun kafin in buɗe baki. Ta ce wannan kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi, a bar mata shi a ɗakinta.