Irin obriyet da na saya a Damagaram, da yadda muka ƙare

Duk wanda ya san unguwar Birni ya san duwatsu ba su yi mana kaɗan ba. Nawa gidan ma a jikin wani ƙaton dutse aka gina shi, rabinsa a tsakar gidana, rabi a gidan maƙwabci. Tun da na ajiye aikin koyarwa nake neman abin da zan rufe gindin dutsen nan da shi, wani tsiro gajere mai shimfiɗa kamar tabarma, don ƙurar da ke taruwa a wurin ta ishe ni. Maganar ciyawar gazon ba ta ma taso ba, ruwan da za ta sha mu kanmu ba mu same shi ba.

A watan Oktoban bara na shiga wani shagon iri a wajen Kasuwar Dole sayen na salati da karoti. Shagon nan na daɗe ina hulɗa da shi, kuma irin kayan garkarsu bai taɓa ba ni kunya ba. Ina jiran canji sai idona ya faɗa kan wani fakiti a rataye: hoton katangar dutse, furanni sun zubo a kanta kamar an shanya zane, launinsu shunayya irin na ɓawon albasar Galmi. An rubuta "Aubriète" da manyan baƙaƙe. Yaron shagon tsohon ɗalibina ne, ya ga inda nake kallo.

"Mushe, ai wannan naku ne. Ku duba, an rubuta plein soleil, rana yake so, kuma a kan dutse yake fita. A bazara yake fure."

Na ba da jikka ɗaya da rabi, wato sefa 1500, na sa a aljihu. Shekara talatin ina koyar da Faransanci, amma ban tsaya na tambayi kaina wace bazara ake nufi ba. Abin da fakitin ya ce shi ne printemps, lokacin da ƙanƙara take narkewa a Turai, iska na da sanyi-sanyi, ƙasa na da danshi. Mu kuwa abin da muke kira bazara shi ne watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kaza ma ta buɗe baki tana haki a inuwa. Watanni ɗaya ne a kalanda, amma ko kusa ba yanayi ɗaya ba ne.

Shi obriyet ɗan dangin shu ne, wato kabeji, shi ya sa furensa ke da kunnuwa huɗu a gicciye. Asalinsa gangaren duwatsun Girka da Turkiyya da yankin Balkan, inda yake maƙalewa a tsagar dutse. Tsayinsa bai fi santimita 10 zuwa 15 ba, sai dai ya yi ta faɗi. An sa masa sunan Claude Aubriet, mai zanen tsirrai na lambun sarkin Faransa, wanda ya raka masanin tsirrai Tournefort tafiyar da ya yi zuwa waɗancan ƙasashe a 1700. A can shekara da shekaru yake yi a wuri guda: ya sha sanyin hunturu, ya yi fure daga Maris zuwa Mayu, a aske shi, ya sake tohowa.

Gaskiya ɗaya ce, irin kansa ba shi da laifi. Na jira sai tsakiyar Nuwamba da iska ta juya. Na yanke bido biyu a kwance, na huhhuda gindinsu, na zuba yashi da ɗan busasshen takin awaki da na tankaɗe. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, kuma ba a binne su, haske suke so kafin su tsiro. Barbaɗa su na yi a sama na danna da tafin hannu. Ban ruwa kuwa da tsohuwar robar turare nake fesawa safe da yamma, don buta za ta wanke su. A kwana na goma sha shida na ga kore. Na ƙirga tsiro arba'in da wani abu daga rabin fakiti. Wanda ya saba sayen irin da ya kwana biyu a shago ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Disamba da Janairu su ne kwanakin daɗinmu da shi. Dare yakan sauka wajen digiri 14 ko 15, mu muna ƙudundune cikin bargo, shi kuwa ko a jikinsa. Ganyen ƙanana ne, kore mai toka-toka, da ɗan gashi-gashi idan ka shafa, bakinsu da ƴan haƙora biyu ko uku. Kowane tsiro ya yi tuntu kamar na hula. Ƙarshen Janairu na dasa talatin a tsagogin dutsen da gindinsa, na haɗa musu da garin tsohon farin ƙasa tunda an ce yana son ƙasa mai alli. Sauran goma sha biyu na bar su a bido ƙarƙashin dogon yaro. Jikata takan tsuguna kullum da safe kafin ta tafi lakwal ta tambaye ni, "Kaka, yau za su yi fure?"

Daga tsakiyar Maris labari ya sauya. Abin da ban lissafa ba shi ne dutsen kansa. Dutsenmu na Damagaram yana shan rana tun hantsi, ya riƙe zafin har bayan isha'i. Ka ɗora hannu da la'asar sai ka ce tanda ce. A duwatsun Girka rana na dukan ganye, amma saiwa na can cikin tsaga mai sanyi, dare kuma ya huce. Nan kuwa saiwar ce ke dahuwa. Tuntayen suka fara bushewa daga tsakiya, gefe na kore, ciki ya zama kamar ƙaiƙayi. Na ƙara ruwa. Na kafa musu tsohuwar tabarma daga azahar. Na zuba tsakuwa a gindinsu. Duk a banza.

Ga shi kuma lokacin ne pampo ke ɗaukewa. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, irin su Gogo Machaya da Arunguza, kuma kowa ya san yadda Afrilu take yi mana. Wata rana uwargida ta same ni ina juye rabin bidon da aka sayo wa ɗan garuwa a kan busassun ganye. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, wannan ciyawar taka ko miya ake yi da ita?"

Ban ce komai ba, don ba ni da ta cewa. Kafin ƙarshen Afrilu na kan dutse duka sun tafi. Na ƙarƙashin dogon yaro biyar suka kai Yuni, a raunane, sun yi tsawo suna neman haske. Da ruwan farko ya sauka na ɗauka sun tsira, ashe nan ne ajalinsu: zafi da laima a tare ba ya jurewa, cikin mako ɗaya gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe. Fure ko ɗaya ban gani ba. Dama wanda aka shuka daga iri galibi sai ya ratsa sanyin hunturu na gaske kafin ya yi fure, irin sanyin da ba mu da shi.

Wanda ya haɗa fakitin bai yi ƙarya ba, don mutanen Turai ya rubuta. Ƙorafina na kan shagon ne. Wanda ya san ya gaya maka kada ka shuka salati a Afrilu ya kamata ya san abin da yake ratayewa, ko aƙalla ya ce, "Mushe, ba mu taɓa gwadawa ba."

Abin da ya rufe mini gindin dutsen daga baya, dala ashirin na saye shi. Wani mai rainon dashe a Miriya ya tsinko mini dunƙulen rassan purpiye, ɗan uwan fasa-ƙabar da ke fitowa da kanta a garka, sai dai shi asalinsa Kudancin Amurka ne, ganyensa sirara masu ruwa a ciki, furensa ja da rawaya da ruwan hoda. "Alhaji, soka kawai za ka yi a yashi, kar ka cika masa ruwa." Haka na yi a Yuli, kafin Satumba ya shimfiɗa. Shi ma da nasa halin: furen sai hantsi yake buɗewa, kafin la'asar ya rufe, ranar da aka yi hadari ko leƙowa ba ya yi, da sanyi kuma yakan yi ƙwarzaba sai ka sake soka sabbin rassa. Kuma ba shi da wannan shunayyar ta hoton. Amma ruwan alwalata ya ishe shi.

Makon jiya na koma shagon sayen irin tumatir. Fakitocin obriyet na nan a rataye, rana ta fara cinye launin hoton. Na ba yaron labari tun daga fari, ya yi ta sosa ƙeya yana "Ku yi haƙuri, Mushe." Ya so ya mayar mini da kuɗina, na ce ya bar shi, ya dai sauke su daga inda tsofaffi irina za su gani. Rabin fakitin da ya rage yana cikin ambulan a aljihun tebur. Akwai wani abokin aikina na dā da ke zaune a Timiya, cikin duwatsun Ayar, inda sanyi ke sauka da gaske har lemu da ruman suke yi. In na sami mai tafiya Agadas kafin Nuwamba zan aika masa.