Gargaɗi: yana sayar da koyil na jabu, sannan ya ce na'urarka ce ta lalace

Jama'a, duk mai amfani da sigarin lantarki, musamman wanda ya koma gare shi don ya rabu da taba, ya karanta wannan kafin ya tura wa wani kuɗi a intanet.

Akwai wani mai shafi da ke tallar koyil, wato ƴar wayar da ke zafafa ruwan sigarin tare da audugarta, da araha mai ɗaukar hankali. Na sayi kwali biyu, an buga om 0.4 (ma'aunin yadda waya ke turje wa wuta) a jikin kowane koyil. Na ɗaura na farko, na ɗiga ruwan a audugar, na bar shi minti goma ya jiƙa kamar yadda aka saba. Da na kunna sai allon ya nuna 0.17. Na kwance tankin, na goge maƙalar nan ta 510, inda tanki ke haɗuwa da na'ura, da tsumma busasshe, don wani lokaci ruwan da ya tsiyaya a wurin shi ke rikita lissafi. Na mayar: 0.23. Zuƙa ɗaya na yi, ɗanɗanon ƙonanniyar auduga ya cika min maƙogwaro, na'urar kuma ta rubuto cewa atomaiza, wato tanki da koyil ɗinsa, ta yi shot, ma'ana wuta na yanke hanya, ta ƙi ba da wuta.

Bambancin 0.02 ko 0.03 tsakanin abin da aka buga da abin da allo ya nuna ba abin damuwa ba ne. Idan lambar ta yi sama sosai ko tana tsalle, galibi koyil ɗin bai zauna daram ba ko kuwa datti ne a maƙala. Amma idan ta faɗo ƙasa da rabi, to wayar koyil ɗin ce ke taɓa jikin ƙarfen da ke kewaye da ita, wuta na yanke hanya. Don in cire shakka sai na ɗauko tsohon koyil ɗina na asali, wanda ya riga ya yi baƙi, na ɗaura a wannan tanki. Allo ya ce 0.41, ya tsaya cak. Ke nan na'urata lafiyarta ƙalau.

Na aika wa mutumin hotunan. Amsarsa ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ya ce, "Yallaɓai, ai na'urarka ce ta tsufa, irin waɗannan masu allo ƙorafi ya yi musu yawa." Nan take ya turo hoton wata bututun ƙarfe marar allo, ya ce ita ba ta taɓa ƙin koyil, zai haɗa min da batir mai girman 18650 mai ɗaukar 9900 mAh (ma'aunin yawan cajin batir).

Gaskiya ya faɗa a abu ɗaya: ba ta ƙin koyil. Dalili kuwa babu komai a cikinta sai batir da maɓalli, babu da'irar da ke yanke wuta idan an sami matsala. Ku yi lissafin da kanku. Batirin nan idan ya cika yana ba da bolt 4.2, kuma wutar da za a ja, wadda ake aunawa da amfiya, ita ce bolt a raba da om. Koyil mai 0.4 zai ja amfiya 10.5. Mai shot da ya faɗo 0.15 zai ja 28. Batir na gaske irin Samsung 30Q, mai 3000 mAh, amfiya 15 aka ƙayyade masa a jan wuta na ci gaba. Shi kuwa 9900 ɗin nan ƙarya ce tsagwaronta: batir mai wannan girman iyakarsa wajen 3500. Tsofaffin batura ne ake naɗe su da sabuwar leda a buga lambar da aka ga dama. Haɗa irin wannan da koyil mai shot, a bututun da ba ta da kariya, a kai bakinka. A 2018 wani mutum a jihar Fulorida ta Amurka ya rasa ransa lokacin da irin wannan bututun ta fashe masa.

Wato ƙorafin da yake zagin na'urata a kansa, shi ne ya tsare min haƙora.

Daga baya na kankare tambarin da ke jikin kwalin, na shigar da lambar tantancewa da ke ƙarƙashinsa a shafin kamfanin da aka buga sunansa. Lambar kwali na farko babu ita sam. Ta biyun aka ce an riga an duba ta, alamar kwafo ta aka yi. Laifina ne, da wannan ya kamata in fara tun kafin in ɓare leda. Na kuma warware koyil ɗaya in gani: audugar a cushe gefe guda, ƙafar wayar ta lanƙwashe ta jingina da bango. Irin ƙarfen wayar ma ba a rubuta ba, alhali kantal da nikel, ƙarafan da ake yin wayar koyil da su, ba a sarrafa su iri ɗaya. Nikel sai a na'ura mai ƙayyade zafi.

Da na nemi ya mayar min da kuɗina sai ya toshe ni. Kwana uku bayan haka na ga hotunan nan dai, da bututun da batirin 9900, a ƙarƙashin wani sabon suna.