Shagon da ya hana ƙanena sayen bindigar da ransa ke so

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna saukowa daga masallaci Baffa ya tare ni a ƙofar gida. "Kai ɗan nan, da gaske ne kun shiga dajin Turawa da gwangwanin barkono kawai a ƙugu?" Na ce da gaske ne, Baffa. Ya daɗe yana girgiza kai. Shi da marigayi mahaifinmu sun fi shekara talatin suna farauta a duwatsun da ke tsakanin Gwaram da iyakar Bauchi, kuma a wurinsa wanda ya shiga daji ba baka ba adaka ya sayar da ransa ne.

Ƙanena yana aiki a Bozeman, a jihar Montana ta Amurka, yana kuma da takardar zama ta dindindin. Na kai masa ziyara a farkon Oktoba, bayan mun kaɗe riɗi. Ya ci alwashin kai ni Yellowstone, gandun dajin da aka keɓe tun 1872, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga gidansa. A wannan dajin akwai beyar da ake kira girizli. Tana da tozo a kafaɗa kamar na sa, faratanta sun kai tsawon yatsun mutum, babban namiji kuma yakan kai kilo 300. Gudunta ya wuce kilomita 50 a awa. Idan ta taso maka daga mita 30, daƙiƙa biyu ke tsakaninku. A lokacin da muka je kuwa cin abinci suke ba dare ba rana, suna tara kitse kafin barcin hunturu.

Saboda haka ƙanena ya ce sai ya sayi ƙaramar bindiga, ya ma riga ya zaɓa a zuciyarsa: mai juyi, mai cin harsashi shida na .44 Magnum. Ni mai bizar ziyara ne, doka ba ta ba ni damar riƙe makami ba, don haka rakiya na yi.

Shagon yana gefen gari, da ɗakin gwajin harbi a bayansa. Mai shagon dattijo ne mai furfura. Ya ɗauko bindigar ya ajiye a kan kanta, kuɗinta ya haura dala 1,000, kuma da ya so a take za su fara cike takardu. Sai ya tambayi ƙanena harsashi nawa ya taɓa harbawa a rayuwarsa. Ƙanena ya ce sau ɗaya Baba ya taɓa bari ya ɗana adaka yana yaro. Dattijon ya ce to mu je baya tukuna.

Aka kafa takarda a mita 10, ba motsi take ba, ba gurnani take ba. Ina tsaye bayan gilashi da abin toshe kunne, amma duk harbi sai na ji shi a ƙirjina. Bindigar ta fi kilo ɗaya nauyi, duk da haka kowane harbi sai ta ɗaga hannunsa sama. Cikin shida, biyu ne suka taɓa takardar. Da ya fito tafin hannunsa ya yi ja, ya dube ni ya ce, "Yaya, ashe haka abin yake." Aka ba shi Glock 20 mai harsashi 15 na milimita 10, wadda sojojin Denmark masu sintiri da karnuka a ƙanƙarar Greenland ke ɗauka saboda farar beyar. Wannan ta fi zama a hannunsa, ya kuma fi samun takardar. Na zaci a nan ciniki zai faɗa. Dattijon ya karɓe ta ya ce ita ce ta dace da shi, amma ba yau ba, sai ya yi wasu watanni yana zuwa koyo. Na tafiyar gobe kuwa, ya miƙo mana gwangwani biyu na feshin barkono, kowanne wajen dala 50.

Na yi shekaru ina sayen taki da maganin feshi a kasuwannin ƙauyukanmu, na san yadda mai kaya ke yi idan ya ga mai saye ya zo da kuɗi da zumuɗi. Wannan mutumin ya bar cinikin dala dubu ya yi na dala ɗari, don ya ga hannun ƙanena bai kai ba. Wannan kaɗai ya sa nake ce wa duk wani namu da ke can ya nemi shago mai ɗakin gwaji, kada ya yarda ya sayi abin da bai harba ba.

Gwangwanin bai kai kwalbar lemo girma ba, gram 225 ne zuwa sama. Sinadarin da ke sa barkono yaji ne a ciki, yana fita kamar hazo zuwa wajen mita 9, cikin daƙiƙa bakwai zuwa tara ya ƙare. Amfaninsa shi ne ba ya bukatar saiti irin na harsashi: katanga kake yi tsakaninka da dabbar, ta shiga ciki, ido da hanci su kama wuta. Dattijon ya ambaci binciken masana beyar Tom Smith da Stephen Herrero na 2008 a kan Alaska, inda feshin ya tsayar da beyar mai ruwan ƙasa, wato jinsin girizli, a kashi 92 cikin ɗari na karon da aka yi, kashi 98 na masu ɗauke da shi kuma suka tsira ba rauni. Bai ɓoye mana ɗaya ɓangaren ba. A binciken su na 2012, ƙaramar bindiga ta yi aiki a karo 31 cikin 37. Wato bindiga ma tana ceto, a hannun wanda ya iya ta.

Ya fitar da mu fili ya ba mu gwangwanin koyo wanda ba yaji a ciki. A cire makarin da babban yatsa, a karkata ƙasa kaɗan, a danna. Ni da nake shiga tsakar gida ana dakan yaji, abin da na fara dubawa shi ne iska, domin idan ta fuskanto ka, kai za ka sha rabonka.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Kuben ratayawa daban ake sayarwa, da tsada, alhali gwangwanin da ke ƙasan jaka ba shi da wani amfani a daƙiƙa biyu. Kuma ba wanda ya gaya mini ba a shiga jirgin sama da shi ko a cikin akwati, sai daren da nake haɗa kaya ƙanena ya gano. Da sun faɗa, ɗaya za mu saya mu ari ɗaya. Yana kuma da ranar lalacewa, shekara uku zuwa huɗu, a rubuce da ƙananan haruffa.

Beyar mun gan ta, uwa da 'ya'ya biyu, can ƙetaren kogi a kwarin Lamar. Dokar gandun ita ce kada a kusance ta ƙasa da yadi 100, mu kuwa mun ninka haka. Muka yi ta magana da ƙarfi a hanya kamar yadda aka ce, hannuna bai bar kuben ba har muka koma mota.

Ga samarinmu na gida da ke sha'awar irin wannan bindiga, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ta cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa. Ko adakar Baffa ma hukuma na iya cewa sai da takarda.

Da na gama ba shi labari, Baffa ya karɓi wayata ya daɗe yana duban hoton gwangwanin. Ya tambaya ko ƙanena yana zuwa koyon. Na ce duk Asabar, har yanzu kuma bai sayi bindigar ba. Ya ce, "To ka gaya masa, kafin ya shiga daji ya ɗebi ƙasa ya saki ya ga inda iska ta nufa, yadda babanku ke yi." A daren na kira shi na isar da saƙon.