Ofishin depite (ɗan majalisar dokokin Kamaru) na unguwarmu a Garwa: tauraro biyu na ba su

Gaskiya wajen karɓar baƙi ba su da laifi. Akwai benci a inuwar dalbejiya, akwai randa da ruwan sanyi, sakataren kuma yaro ne mai ladabi yana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, in ka shiga zai ce sannu da zuwa baba, a rubuta sunanka a wani babban littafi mai baƙin bango. Wanda ya zo da matsalar takardar haihuwar ɗansa saboda jarrabawar CEP ta gama firamare su kan rubuta mashi wasiƙa ya kai ma'aikatar magajin gari, kuma tana aiki, maƙwabcina ya samu ta haka. Rasuwa ko suna kuwa ambulan ɗin gudummawa ba ya makara.

Amma fa depite ba don ambulan muka zaɓe shi ba. Su 180 ne a majalisar Yawunde, zama uku suke a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, kowane kwana 30, na Nuwamba shi ne na kasafin kuɗi. To tun zaɓen Fabrairun 2020 me namu ya tashi ya faɗa? Na tambayi sakataren ko honorabul ya taɓa yi wa minista tambaya kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere, ko kan ɗauke wuta alhali dam ɗin Lagdo na nan kusa da mu, ko kuɗin audugar manoma, sai ya yi murmushi ya ce honorabul yana bin layin jam'iyya. Wato ɗaga hannu kenan in an ce a ɗaga. Na san RDPC, jam'iyya mai mulki, kujera 152 ta ci, doka ko da shi ko ba shi za ta wuce, amma ai baki bai ciwo, ko tambaya ɗaya ce a ji sunan garinmu.

Sai maganar miliyan 8 na sefa da aka riƙa ba kowane depite duk shekara don ƙananan ayyuka. Ba allo ba takarda a bango da ke nuna ina suka shiga, rijiyar burtsatse guda aka nuna mini, hannun famfon ma ya karye an ɗaure da roba.

In takarda ce ta kai ka je da safe kafin goma, bayan azahar a kulle za ka tarar. Shi kansa mai gidan sai lokacin sallah ake ganinshi.